Gwiwar Lamba Huɗu

Ni ba soja ba ne. Ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma da za a ce in yi fareti, sai na tsaya na yi tunani kafin in gane hagu da dama. Amma na yi shekaru ina cin shinkafar sojoji a wata kwalejin horar da hafsoshi da ke bayan garin Jidda, inda kwantiragi ya kai ni aikin gashin ƙashi a ƙaramin asibitinsu. A shekarata ta biyu aka ɗora mini ƙungiyar ƙwallon kwalejin, wai in riƙa bin su fili da jakar ƙanƙara da bandeji. Wanda yake yi kafin ni ya koma ƙasarsu, ni kuma an sha jin ina gardamar ƙwallo a wurin shan shayi, shi ke nan aka ce na dace.

Gasar tsakanin makarantun soja ake yin ta. Tana farawa idan zafi ya ɗan sassauta, ko da yake sassaucin zafin Jidda suna ne kawai, riga dai sai ta jiƙe. Kwalejinmu ta daɗe ba ta tsinana komai a gasar ba. A wannan shekarar kuwa sai Allah ya haɗa mana yara masu kyau, ya kuma ba mu koci mutumin Tunisiya, gajere mai sanƙo, wanda kowa ke kira kaftin alhali bai taɓa sa kaki ba. Muka fara cin wasa ɗaya bayan ɗaya, har manyan hafsoshin da a da ba su san hanyar fili ba suka fara zuwa ana jera musu kujeru.

Ƙwallon sojoji ta ba ni mamaki tun ranar farko. A gida, ɗan wasa ko iskar abokin karawa ce ta taɓa shi sai ya faɗi yana birgima yana kiran uwarsa. A nan sai a yi karo har ka jiyo ƙarar daga benci, ka suri jaka ka ruga, kafin ka isa mutum ya miƙe ya ƙame yana ce maka, "Ma fi shai, ya duktur," wato babu komai. Ba mai gardama da alƙalin wasa, domin alƙalin hafsa ne, gobe da safe shi zai duba ko takalminka ya sha goga. Sai aikina ya koma na bin diddigi, ba a faɗa maka inda ke ciwo, kai za ka gano da kanka. Wannan kuwa ya yi daidai da halina. Matata ta sha cewa da ban karanci aikin asibiti ba, da na ƙare a cikin masu leƙen katangar maƙwabta.

Wani halin nawa kuma, bakina ba ya shiru a gefen fili. Larabcina a lokacin na sayen burodi ne da tambayar hanya, saboda haka idan wasa ya yi zafi da Hausa nake ihu. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai tunda babu mai ji. In ce wa ɗan gaba ƙafar katako, in ce wa gola kwando, in ce wa alƙali makaho, duk ina murmushi, su kuma suna tsammanin addu'a nake yi musu.

Ran nan muna wasa da wata makarantar sojan ruwa, ɗan bayanmu mai lamba huɗu ya karɓi ƙwallo yana fuskantar golanmu, bai san wani ya taho masa a guje ba. Ban san lokacin da na ce, "Bayanka!" ba. Yaron ya waiga nan take, ya kauce, ya fitar da ƙwallo. Aka tafa masa. Ni kuwa na zauna da baki buɗe, domin kaftin bai yi magana ba, 'yan wasa ba su yi ba, muryata kaɗai ta fita, kuma da Hausa.

Dogo ne, baƙi, mai shiru-shiru, ɗan ajin ƙarshe. Baƙar fata ba hujja ba ce a Jidda. Akwai 'yan ƙasa baƙaƙe iri-iri, wasu kakanninsu daga Sudan, wasu daga Barno, wasu ba su ma san daga ina ba. Na ce a raina ƙila sa'a ce, ƙila ƙarar takalmi ya ji. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, na shiga ɗana masa tarko. Idan ya zo tausa sai in ce, "Ɗaga ɗayar," ya yi kamar da bango nake, sai na faɗa da Larabci sannan ya ɗaga. In ce, "Ga kunama nan kusa da kai," ko gezau. Soja ne, an koya masa riƙe fuska. Sai wata rana ina murza masa sharaɓa na ce, kamar da kaina nake magana, "Wannan ƙafa rabonta da sabulu tun ranar suna." Fuskarsa ba ta motsa ba, yana ta kallon silin. Amma cikinsa ya yi ta rawa har gadon yana motsi.

Na san na kama shi, shi ma ya san na sani, muka bar ta a haka. Abin da ya rage yana damuna shi ne me ya hana shi amsawa. Na taɓa haɗuwa da 'yan ƙasa waɗanda idan ka yi musu Hausa a kasuwa sai su ɗaure fuska kamar ka tambaye su iƙama, takardar izinin zaman baƙi, na ce wataƙila shi ma irinsu ne.

Muna dab da fitowa daga rukuni ya samu rauni a gwiwar hagu. Tsalle suka yi shi da wani ƙato, ya sauko ƙafar ta murɗe a ƙarƙashinsa. Ranar ce farkon da na isa wurin ɗan wasa na tarar da shi har yanzu a ƙasa. Na tambaye shi da Larabci ko akwai ciwo.

"Ma fi shai, ya duktur."

Na danna gefen gwiwar, na lanƙwasa, na miƙar. Ya ɗaure naman ƙafarsa tamau yadda hannuna ba zai ji komai ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sai na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Tsakaninka da Allah, yaya gwiwar?"

Ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Da sauƙi."

Hausar farko da na ji daga bakinsa ke nan. Ta fito masa daga can cikin maƙogwaro irin yadda Larabawa ke yi, amma dai Hausa ce. Kafin in gama mamaki kaftin ya ƙaraso yana haki.

"Esh gal?" ya tambaye ni, wato me ya ce.

Nan na ɗan tsaya. Da Larabci ko da Turanci, fassarar abin da yaron ya faɗa ɗaya ce, abin ba mai tsanani ba ne. Haka na faɗa wa kaftin tunda haka aka ce, na ƙara da cewa ina so in sake dubawa a tsanake. Kaftin bai ji ƙarin ba. "Halas! Yalla, yalla!" ya ce, wato shi ke nan, a tashi. Yaron ya miƙe ya ƙarasa wasan, muka ci.

Kwana da kwanaki maganar nan tana cina. Duk Bahaushe ya san da sauƙi ba bayanin ciwo ba ne. Mahaifina ya faɗe ta ana gobe zai rasu. Lokacin da nake aiki a Zariya na ga wanda mota ta karya wa ƙafafu yana faɗinta, har yana murmushi. A wurinmu ladabi ne ga Ubangiji da tausaya wa mai tambaya, gaskiyar ciwon kuwa sai ka neme ta a ido da murya. To amma wannan yaro a Jidda aka haife shi, ƙila ma ubansa a nan aka haife shi. Da wace ma'ana ya san ta? Idan ya tsince ta ne yadda ɗan koyo ke tsintar kalma, to sauƙin yake nufi, gwiwarsa lafiya lau. Idan kuwa a bakin majinyata ya ji ta, komai na iya kasancewa a cikin gwiwar nan.

Har unguwar Sa'alaba na kai tambayar, wurin wata mai tuwo inda 'yan Nijar da 'yan Cadi ke taruwa bayan magariba. Wani tela ɗan Maraɗi ya ce, "Ah bon, likita, yaran Jidda? Hausarsu ba ta wuce sunan abinci da zagi ba." Wani direba ya ce ƙarya ne, 'yarsa tana jin komai, amsa ce dai sai da Larabci. Aka yi ta gardama har tuwona ya huce, ban samu abin kamawa ba. A wurin atisaye kuma yaron yana gudu, yana tsalle, babu ɗingishi. Na kira shi in sake dubawa, ya zo, ya ɗaure ƙafar kamar wancan karon, ya sara mini ya fita.

Da abin ya ishe ni na tare shi a ƙofar asibiti na ce, "Wa ya koya maka da sauƙi?"

Ya duba hagu da dama. "Sitti," ya ce. "Kaka. Uwa na baba." Ya yi 'yar dariyar kunya. "Ana afham kullu shai, ya duktur, ina ji duka. Bas magana, harshe nauyi. In na yi, a gida suna dariya."

Ashe ba gudun asali yake yi ba, kunyar karyayyen harshensa yake ji. Ya ce kakarsa kullum tana ƙorafin ba ta samun mai yi mata Hausar ƙasa, duk sai ta Jidda mai gauraye. Ko zan zo ranar Juma'a idan an sake su hutun ƙarshen mako? Na amsa tun bai rufe baki ba.

Gidan yana unguwar Ammariyya, a wani lungu da mota ba ta shiga. Tsohon bene ne mai matakala ƙuntatacciya, ƙasa ƙamshin daddawa, sama na turaren wuta. Ita tana can ɗakin ƙarshe na sama, ta ƙi a sauko da ita, wai nan ne iskar teku ke shigowa. Na tarar da 'yar tsohuwa a kan katifa an tokare ta da filo, ƙafafunta sun kumbura suntum, robar iska a hancinta. Ba sai an gaya mini ciwon zuciya ne ba.

"Maigidana ya kawo mini baƙo," ta ce, tana hararar jikan. "Ka ga mijin nawa, likita? Sai Juma'a Juma'a yake tunawa yana da mata. Cefane kuwa ko albasa."

"Ya sitti," ya ce, ya sunkuya ya sumbaci goshinta.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, yaya jiki?"

Sai da ta tsaya ta tara numfashi. "Da sauƙi, ɗan nan. Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Murya iri ɗaya, sauke ido iri ɗaya, har ɗan gyaɗa kan nan na ƙarshe. Na waiga na dubi jikan, ya sunkuyar da kai yana zuba shayi. Amsar da na yi ta nema ke nan, kuma ban ji daɗin samunta ba.

Ta riƙe ni da hira har la'asar. Tana yarinya aka taho da ita daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, a ƙafa da kan jaki, suka yi shekaru a hanya, su yi noma a Sudan su tara guzuri su ƙara gaba, har suka hau jirgin ruwa. Ta tambaye ni ko har yanzu ana yin ɗanwake da kuka, ko 'yan mata na dandali da farin wata. Hausarta irin ta da ce, akwai kalmomin da rabona da su tun kakata, sai kuma ta jefa ya'ani a tsakiya ba ta ma sani ba. Mijinta dako ya yi a tashar jiragen ruwa, 'ya'yanta direbobi da masu gadi, sun zama 'yan ƙasa tun zamanin da abin bai yi wuya ba.

"Wannan kuwa," ta nuna jikan da haɓa, "wai hafsa zai zama. Na sa an ɗinka mini sabuwar abaya. Ko a kan gado ne sai an kai ni na ga maigidana yana taka ƙasa a gaban manya."

Da muka fito na bar shi ya wuce gaba. Hawa bene ba ya tona asirin gwiwa kamar sauka. Da farko ya daure, daga baya ya kama bango, yana sauke ƙafar hagu a karkace, yana cije leɓe. Ko ya manta ina bayansa, ko kuma ya gaji da ɓoyewa.

Muka tsaya wurin wani mai tsire a bakin lungu. Na ce, "Ɗana, na ga saukowarka. Zauna a bencin nan, kuma wannan karon ka saki ƙafar."

Ya saki. Gwiwar da ruwa a ciki, jijiyar gefe ta yage amma ba ta tsinke ba. Irin ciwon da hutun 'yan makonni ke warkarwa ne, kuma irin wanda karo ɗaya mai kyau zai ƙarasa, sai tiyata. Na faɗa masa haka ba ɓoye-ɓoye, na tambaye shi me ya hana shi magana tun ranar.

Ya yi bayani rabi da Larabci rabi da Hausa, mai tsiren yana cike masa inda ya maƙale. Dokar kwalejin ita ce duk ɗan ajin ƙarshe da aka cire daga wasa ko atisaye saboda rauni sai an tura shi gaban lajna, wato kwamitin likitocin soja. Lajna kuwa ba ta sauri. Kafin ta zauna, ta duba, ta sake zama, an yaye 'yan ajinsu, shi sai ya jira na baɗi. Ba korarsa za a yi ba, jinkirin shekara ɗaya ne.

"Sana wahda, ya ammi," ya ce. Ranar ya fara kirana baffa maimakon likita. "Shekara ɗaya. Ni ina da shi. Sitti..." Ya ɗaga kai ya dubi tagar sama. "Kai ka gani. Kai duktur ne."

Na gani. Rai a hannun Allah yake, amma ban iya buɗe baki na ce masa tana da shekara ba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Idan ya ce yana ciwo, lajna. Idan ya ci gaba da wasa jijiyar ta tsinke, lajna da tiyata, ƙila ma ya rasa kakin gaba ɗaya. Ga shi mun kai wasan kusa da na ƙarshe.

Na ce, "Saurara. Wasan da ke tafe zan ɗaure maka ita iya yadda na iya, ka taka a hankali, tunda abokan karawar ba su da ƙarfi. Amma idan muka kai na ƙarshe, da ƙattin sojan sama za mu haɗu, ba za ka buga shi da wannan gwiwa ba. Zan gaya wa kaftin. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan zuba ido ka nakasa ba."

Bai roƙe ni ba. Ya karɓi tsirensa a takarda, ya ce, "Tayyib," wato ya ji, ya tare mini tasi.

Ranar wasan, da kai ya buga fiye da ƙafa, yana tsayawa inda ƙwallo za ta zo tun kafin ta taso. Muka zura biyu kafin hutun rabin lokaci, muka ƙara bayan an dawo. Ana dab da tashi, wasa ya riga ya mutu, sai na ga Lamba Huɗu ya kama rigar wani ɗan gaba a tsakiyar fili, inda babu wani haɗari, ya riƙe ta gam ya ƙi saki. Alƙali ya ɗaga masa katin gargaɗi. Tun da aka fara gasar ba a taɓa nuna masa kati ba, shi ake nuna wa sababbi a ce su koyi ladabi.

Na ce a raina gajiya ce. Can sai aka busa wani laifi a gefe, ƙwallo ta gangaro gabansa. Da idona na gan shi ya tsaya, ya dubi allon ci, ya dubi alƙali sai da ya tabbata yana kallonsa, sannan ya narka wa ƙwallon nan duka. Ta haye katanga ta faɗa inda manyan hafsoshi ke ajiye motoci, wata mota ta kama kuka. Kati na biyu, sai ja. Ya ƙame, ya sara wa alƙali, ya fito yana tafiya a miƙe.

Kaftin ya cire hularsa ya maka da ƙasa, yana zagi da Larabcin garinsu wanda ko Larabawan wurin ba sa ganewa. Ni kuwa sai da yaron ya wuce ta gabana sannan na fahimta. Mai jan kati ba ya buga wasa na gaba. Doka ce ta cire shi, ba rauni ba, kuma babu lajnar da ke zama a kan jan kati. Dariya ta taso mini, na tura fuska cikin jakar ƙanƙara kamar ina neman wani abu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Abin da bai lissafa ba shi ne kwamandan kwalejin yana zaune a wurin, kuma motar da ta yi kuka ba ta ƙaramin mutum ba ce. Aka yanke masa hukuncin rashin ɗa'a, babu fita hutun ƙarshen mako har ranar yaye. Yaron da ya yi duk wannan saboda kakarsa, sai ga shi an hana shi ganinta a makonnin da ya fi buƙata. Abokan wasansa suka daina zama kusa da shi a wurin cin abinci. Bai yi wa kowa bayani ba. Kullum bayan atisayen fareti sai ya biyo ta asibiti kamar mai neman maganin ciwon kai, in gasa gwiwar, in ɗaure, ya tafi. Na gaya wa kaftin ƙafar yaron na buƙatar hutu, ya ce in ma teku nake so in jefa shi, shi ba ruwansa.

Wasan ƙarshe kuwa an ci mu. Wanda aka sa a gurbinsa yaro ne mai ƙoƙari, amma ƙwallon sama ta fi ƙarfinsa, kuma ta sama suka yi ta cin mu. Na ji zafin abin har cikin raina, domin na so ƙungiyar nan, na kuma san da Lamba Huɗu yana ciki da wuya a yi mana haka. Yana zaune cikin 'yan kallo da kakinsa, duk sa'ad da aka zura mana sai ka ga kawuna sun juya wajensa. Har na bar kwalejin, idan aka tuna gasar, cewa ake yi shekarar da wani wawa ya jefar da kofi bayan katanga.

Ni na koma mai zuwa Ammariyya ranar Juma'a. Zuwana na farko ni kaɗai kakar ta ce, "Ina maigidan nawa? Ko ya sake ni ne ban sani ba?" Na ce an tsare shi saboda ya buga ƙwallo ta haye katanga. Ta ce, "Ƙato da gashin baki? Su ma masu tsare shin ba su da aikin yi." Kowane mako muryarta na ƙara yin ƙasa, hirar na ƙara gajarta. Wata Juma'ar barci ta yi ta yi, na zauna da ɗanta, mahaifin yaron, muka sha shayi. Idan na koma kwaleji yaron ba ya tambayata da baki, sai ya tsaya a ƙofa yana kallona har in ce tana nan. Zancen gwiwa dai ban yi shi da kowa a gidan ba, yaron ne ya roƙe ni haka.

Da yamma aka yi faretin yaye, bayan la'asar. Samarin gidan suka sauko da tsohuwar daga benen a kan kujera, da sabuwar abayarta da tukunyar iskarta. Na samar musu wuri a gaban rumfar iyalai, inda keken marasa lafiya zai iya tsayawa. Badujala ta tashi, ɗalibai suka fito sahu-sahu, kaki iri ɗaya, hula an ja ta har gira. Ni da nake ganinsu kullum ma sai da na rikice. Mahaifin yaron ya sunkuya yana nuna mata da yatsa.

"Ya ummi, sahun tsakiya, ki fara daga dama..."

Ta ture hannunsa. "Bar ni. Na gan shi tun da suka shawo kwana. Ga shi can, mai lallaɓa ƙafar hagu."

Na duba. Babu ɗingishi, da akwai da sajan mai koya musu fareti ya gani tuntuni. Ɗan jinkiri ne kawai kafin diddige ya taɓa ƙasa, wanda ni ma don na san inda zan duba ne nake ganinsa. Mahaifin ya ce, "Wace ƙafa kuma? Lafiyarsa ƙalau." Ba ta kula shi ba. Ta kamo hannun rigata ta jawo ni ƙasa.

"Likita, tun yaushe?"

"Tun kafin in fara zuwa gidanku, Hajiya."

"Da ita ya hawo mini benen nan?"

"Da ita."

"Ƙwallon da ta haye katanga fa?"

Na mai da ido kan fili. Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyaɗa kai a hankali, idonta ya ciko.

"Ja'iri," ta ce. "Ja'irin yaro."

Sahunsu ya iso daidai rumfar, aka ba da umarni, duk suka juyo da fuska gaba ɗaya. Matan da ke bayanmu suka ɓarke da guɗa. Ta ɗaga hannu ta kama hanci za ta yi tata, numfashi bai kai ba, iska kawai ta fito. Sai ta bar hannun a sama tana kaɗawa. Ban sani ba ko ya gan ta, soja a fareti ba ya motsa ido. Ni dai sai da na kau da kai.

Ba ta sauke hannun ba sai da sahun ya kai ƙarshen fili. Saura jawabai, saura rabon kyaututtuka, ɗanta yana lallashinta ta ɗan ƙara daurewa. Ta jingina da kujera ta rufe ido.

"Halas," ta ce. "Ku mai da ni gida. Na gani."